Abin da Zobe Ya Haɗiye

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Yusra ta fito daga gida da jakar makaranta rataye a kafaɗa. Ba littafi ko ɗaya a cikin jakar. Rigar matashin kai ce a ciki, an ɗaure bakinta da igiyar takalmi, a cikinta kuma ɗan macijinta ne yake kwance.

Watan Nuwamba ne na shekarar 1994. Sanyi ya fara cizo a unguwar Highbridge da ke Bronx, a Amurka, mutane suna tafe da hannu cikin aljihu. Shagon dabbobin da za ta je yana can gindin tudu, a titin Jerome, ƙarƙashin gadar da jirgin ƙasa yake bi ta sama. Hanya mafi kusa ita ce doguwar matakalar siminti da ta ratsa tsakanin wasu manyan gidaje biyu. Ta saba saukarta da gudu. Yau kuwa sai da ta tsaya a tsakiya ta canja kafaɗa, don igiyar jakar tana neman yanka mata fata.

Yusra ɗalibar kwaleji ce, tana karatun ilimin halittu. Tana zaune ne wurin yayanta Zayyanu, wanda yake tuƙi a wani ofishin jakadanci a Manhattan, tare da matarsa Firdaoussi 'yar Maraɗi da jaririnsu Kassim ɗan wata huɗu. Macijin kuwa wata abokiyar karatunta ce ta ba ta shi da bazara, bai daɗe da fitowa daga ƙwai ba. Irin wanda Amurkawa suke kira sarkin macizai ne. Ba shi da dafi, siriri kamar ɗan yatsa, jikinsa zobe baƙi zobe fari tun daga wuya har wutsiya. Shi ya sa ta sa masa suna Zobe.

Ranar da ta shigo da shi an sha rigima.

"Maciji? A gidana?" in ji Zayyanu. "Ke karatun nan hankali yake ƙara miki ko rage miki yake?"

Da ƙyar da magiya ya haƙura. Firdaoussi kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: kada ya fito daga ɗakin Yusra, kada ta gan shi, kada ta ji labarinsa.

Yusra ta riƙe sharaɗin har zuwa wata safiya da ta tashi ta tarar da murfin akwatin gilashin a karkace, Zobe ba ya ciki. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba cikin takalma, ta ga ɗan ramin da bututun hita mai ɗumama ɗaki ya ratsa daɓe, ta gane ta nan ya bi. Da yamma ta sauka ɗakin ƙarƙashin ginin, inda injinan wanki suke da babbar tukunyar ɗumama gidan. A can ta same shi, a naɗe bayan tukunyar, da wani ƙullutu a tsakiyar cikinsa. Ta ce a ranta ɓera ya samu, ta ɗauke shi ta mayar akwati.

Ƙullutun abinci kwana biyu ko uku yake yi ya baje. Wannan ya haura mako bai baje ba. Zobe ya daina zagaya akwati, ya daina zaro harshe. A cikin kwanakin nan ne kuma Kassim ya fara ƙin nono, amma Yusra ba ta haɗa abu biyun ba. Yara suna yin haka, in ji kowa.

Ta tura ƙofar shagon, ƙararrawa ta yi kuka. Warin garin katako da fitsarin ɓeraye da ruwan kifi ya tarye ta. Tsuntsaye suna ta surutu a keji. Bayan kantar shagon Baba Ishawu yana share tire. Dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, ya daɗe yana aiki a shagon, kuma shi ya koya mata duk abin da ta sani game da kiwon Zobe. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu.

"Ei, Yusra, ka zo? Ɓera ka zo saye?"

"A'a Baba, shi na kawo ka duba min. Ya ƙi ci."

"Ya kusa saɓa ne? Idonshi ya yi fari?"

"Bai yi ba."

Ta ɗora jakar a kan kantar, ta kwance igiyar. Tana buɗe bakin rigar matashin, tsuntsayen suka yi tsit. Duka, lokaci ɗaya. Ƙananan ɓerayen da ke cikin akwatin gefe suka ruga kusurwa guda suka hau kan juna.

Baba Ishawu ya dubi kejin, ya dube ta. Ya sa hannu ya ɗago Zobe, sai ta ga jijiyar hannunsa ta tashi kamar wanda ya ɗaga tabarya.

Ya shimfiɗa shi a kan tawul, ya bi bayansa da babban yatsa a hankali.

"Me na faɗa maka ran farko? Yadda ake gane mai lafiya?"

"Ka ce jikinsa ya zama kamar burodi. Sama a zagaye, gefe a miƙe. In ƙashin baya ya yi tsini, yunwa ce. In fata ta leƙo tsakanin ɓawon jikinsa, ƙiba ce."

"To duba nan."

Ta sunkuya. Daga wuya zuwa inda ƙullutun ya fara, ƙashin bayan Zobe ya fito da tsini kamar bakin wuƙa, fata ta yi laushi ta naɗe a gefe. Daga ƙullutun zuwa wutsiya ma haka. Tsakiyar ce kawai a cike tam, har farar fata tana leƙowa tsakanin ɓawo.

"Gaba yunwa, baya yunwa, tsakiya ƙoshi," in ji shi. "Tun da nake ban taɓa gani ba. Wane girman ɓera ka ba shi? Na ce kar ya wuce kaurin jikinshi."

"Ban ba shi komai ba, Baba."

Ya jawo sikelin da suke auna abincin tsuntsaye, ya ɗora roba, ya sa Zobe a ciki. Wancan zuwan da ta yi da shi, nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba. Yanzu allurar ta yi tsalle ta wuce kilo. Ta ɗan tsaya tana rawa. Sannan ta ci gaba da tafiya a hankali, suna kallo, ba wanda ya taɓa robar.

Baba Ishawu ya cire macijin, ya ɗora gwangwanin abincin kifi. Allura ta nuna daidai. Ya mayar da Zobe. Ta sake wucewa.

"Sikelin ne ya lalace," in ji Yusra.

"Kawo hannunka."

Ya kama yatsanta ya ɗora a wuyan Zobe. Sanyi, kamar yadda jikin maciji yake. Ya matsar da shi kan ƙullutun.

Zafi. Zafin jikin mai zazzaɓi. Kuma a ƙarƙashin yatsanta wani abu yana bugawa, ɗif, ɗif, ɗif, da sauri, kamar zuciyar jariri.

Ta fizge hannunta.

"Ina ya samo wannan?" Ya rage murya.

Ta gaya masa. Murfin, ramin bututu, bayan tukunya.

Jirgi ya wuce ta sama, gilasan shagon suka yi ta kaɗawa. Sai da ƙarar ta mutu sannan ya yi magana.

"Ka san irin wannan, ɓera ba shi ne abincinshi na asali ba. Maciji ɗan'uwanshi yake haɗiyewa."

"Na sani, Baba. Amma wane maciji ne zai zauna a ƙarƙashin gini a Bronx cikin wannan sanyi?"

"Ba duk mai jan ciki ne maciji ba."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

"Ni dai gobe zan kai shi wurin likitan dabbobi."

"Gobe ya yi nisa. Abin da ke ciki bai mutu ba, kuma ba shi ake ci ba, shi yake ci." Ya mayar da Zobe cikin rigar matashin da sauri, ya ɗaure, ya tura mata. "Ka mai da shi inda ka ɗauko shi. Yau, kafin isha'i. Na hana ka taɓa shi bayan ya ci, na hana ka bar shi cikin sanyi, don kar ya yi amai. To abin da na hana, shi za ka yi."

"Zai iya mutuwa."

"Zai iya."

Ya raka ta har ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Tana fita ta ji ya murɗa makulli, ta gilas ta hango bakinsa yana motsi da addu'a.

Magariba ta yi. Sama ta koma kalar toka, fitilun titi suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai shago yana jan ƙofar ƙarfe. Yusra ta isa gindin matakalar ta ɗaga kai. Ba kowa a kanta. A wannan lokacin kullum akwai masu dawowa daga aiki, da yara masu zama a gefe da rediyo. Yau babu.

Ta fara hawa.

Jakar ta ƙara nauyi. Ta rungume ta a ƙirji, zafin yana ratsa rigar sanyinta.

A bayanta ta ji wani sauti. Kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu a kan siminti. Ta tsaya, ya tsaya. Ta taka, ya biyo.

Ba ta waiwaya ba. Ta ƙara sauri.

Sai wari ya zo. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsatsa, irin na wurin da rana ba ta taɓa shiga ba. Ta san warin. Na bayan tukunyar ne.

A inda matakalar ta yi faɗi, ƙarƙashin fitilar da ta mutu, wata mata tana zaune. Ɗazu ba ta nan. Ta lulluɓa da wani dogon mayafi mai kalar toka, kanta a sunkuye. Mayafin ya sauka ya bi matakala ya yi ƙasa, Yusra ba ta ga inda ya ƙare ba.

Ba hanya sai ta gabanta. Yusra ta manne da ƙarfen gefe, ta taka a hankali.

"Yana da nauyi, ko?"

Da Hausa ta yi maganar. Murya ƙasa-ƙasa, a dishe, kamar ta wadda ta daɗe tana kuka.

Yusra ta ƙanƙame jakar.

"Na san nauyinsa," in ji matar. "Ni nake goyon sa."

Abin da ke cikin jakar ya motsa. Ya juya gaba ɗaya, ya karkata wajen muryar.

Yusra ba ta san lokacin da ta kai saman tudu ba. Ta sami kanta a gaban gidansu tana haki, gwiwarta tana jini. Ta waiwaya. Matakala wayam. Sai wani jiƙaƙƙen layi mai faɗi da ya hauro tun daga ƙasa, yana sheƙi a hasken fitila.

Da ta buɗe ƙofar gida, ba ƙanshin girki. Fitilar falo kawai ke kunne. Firdaoussi tana zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, Kassim a cinyarta. Idanunta sun kumbura.

"Anti, lafiya?"

"Mun je awo." Ta share hanci da gefen zane. "Sun ce ya rage. Sun auna, sun sake aunawa. Likita ta duba komi, ta ce ba ta ga ciwo ba. In bai kama nono ba zuwa safe, za su riƙe shi asibiti."

"Yaya fa?"

"Yana can da baƙi, ya kai su filin jirgi. Na kira ofis, ba wanda ya ɗauka." Ta miƙo yaron. "Karɓe shi ki ji, Yusra. Don Allah karɓe shi ki ji."

Yusra ta ajiye jakar a bakin ƙofa ta karɓe shi. Hannunta ya yi sama, don ta shirya wa nauyin da ba ya nan. Kamar ta ɗauki tawul. Yatsunta suka sauka a bayansa, ta ji ƙashin ya fito da tsini ta cikin riga.

Ba ya kuka. Ya miƙe sambal, hannuwansa manne da haƙarƙarinsa, ƙafafunsa a haɗe. Ta gwada ɗaga masa hannu ɗaya, ya ƙi ɗaguwa, kamar an naɗe shi da abin da ido ba ya gani. Bakinsa a buɗe, yana jan numfashi ƙanana-ƙanana, irin na wanda yake cikin matsattsen wuri.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun la'asar." Firdaoussi ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Akwai abin da ban faɗa ma kowa ba. Wata mata na zuwa. Kullum da magariba. Ba ta ƙwanƙwasawa, sai dai in ji ta bayan ƙofa tana cewa, naku ya ci? In na yi shiru sai ta ce, nawa ma bai ci ba. In na leƙa ta ramin ƙofa, ba kowa. Na ɗauka gajiya ce ke sa ni jin abubuwa."

Bututun hita ya buga. Ƙwan. Ƙwan. Daga ƙasa sautin yake haurowa.

Jakar da ke bakin ƙofa ta faɗi gefe da kanta.

Firdaoussi ta zuba mata ido. "Mi ke cikin jakar nan?"

Yusra ta mayar mata da yaron.

"Anti, ki kulle ƙofa. Ki yi ta karanta Ayatul Kursiyyu a kansa, kada ki tsaya. Ko me kika ji, kada ki buɗe sai kin ji muryata."

"Ina za ki?"

"Ƙasa."

Lif ba ya kaiwa ɗakin ƙarƙashin ginin. Ta bi matakalar baya, hannu ɗaya a bango, ɗaya rungume da jaka. Tana wuce ƙofofin mutane tana jin talabijin, ana soya albasa, wata uwa tana yi wa ɗanta faɗa da Sifaniyanci. Da ta wuce hawa na farko, duk wannan ya yanke.

Ƙofar ƙarfen a buɗe take.

Ƙwan fitila ɗaya ne a ɗakin, yana lilo ba iska. Injinan wanki sun yi layi a bango, bakinsu a rufe. A can ƙarshe tukunyar tana gurnani, wuta tana leƙowa ta wata 'yar taga. Ruwa yana ɗiga a wani wuri. Warin ya cika ko'ina.

Ta yi bisimilla ta shiga.

Akwai kwamin wanki a gefe. Ta buɗe famfo, ruwa ya zubo mai sanyi kamar ƙanƙara. Ta kwance igiyar, ta fito da Zobe. Ya ɗago kai da ƙyar ya ɗora a babban yatsanta, yadda ya saba.

"Ka yi haƙuri," ta ce da shi.

Ta sa shi ƙarƙashin ruwan.

Ya fizge, ya murɗe, ya naɗe wuyan hannunta. Ta ciro shi ta durƙusa, ta shimfiɗa shi a kan simintin, ta sa yatsu biyu a bayan ƙullutun ta fara turawa sama, wajen baki. A hankali. Ƙullutun yana ƙona mata yatsu.

Ƙofar ƙarfen ta rufe a bayanta. Ba da ƙarfi ba.

Sautin buhun ya taso daga wajen ƙofa. Ya matso. Ya tsaya.

Ba ta juya ba. Amma gilashin injin wankin da ke gabanta yana nuna mata bayanta. Matar tana tsaye. Tsawonta ya kai rufi, har ta lanƙwasa wuya ƙarƙashin bututai. Ba a ganin fuska. Mayafin ya zubo ƙasa ya zagaye ɗakin, ya bi bayan injinan, ya shige bayan tukunya.

Yusra ta sauke ido. Ta ci gaba da turawa.

Zobe ya buɗe baki. Ya buɗe har ta ɗauka muƙamuƙinsa zai tsage. Jikinsa ya yi wani irin tanƙwashewa.

Wutsiya ce ta fara fitowa, siririya, fara kamar toka, cikin yauƙi.

Ta yi ta fitowa.

Ta kai tsawon Zobe. Ta wuce. Ta ninka shi. Tana taruwa a kan simintin tana hayaƙi cikin sanyi, kuma ba ta ƙare ba.

Daga ƙarshe kai ya fito. Zobe ya zube gefe kamar tsohuwar igiya.

Abin ya kwanta. Ba motsi.

Ruwa yana ɗiga. Tukunya tana gurnani.

"Ba ya numfashi," in ji muryar, daga sama da kanta.

Yusra ta zuba wa abin ido.

"In bai tashi ba," in ji muryar, "zan hau sama wurin naku."

Mayafin ya fara ja da baya, wajen ƙofa.

"Tsaya!" Ba ta san daga ina muryar ta fito mata ba. "Don Allah ki tsaya."

Ta sa hannu biyu ta ɗauki kan abin. Laushi gare shi, ba ɓawo, kamar fatar sabuwar haihuwa. Yauƙi ya toshe masa hanci da baki. Ta kama gefen ɗankwalinta ta share, yadda ta ga Firdaoussi tana share wa Kassim in ya yi tumbuɗi. Ta sa ɗan yatsa ta buɗe bakin ta kwashe abin da ke ciki. Ta ja gwiwa ta matsa kusa da tukunya inda ɗumi yake, ta rungume shi a ƙirji, tana shafa bayansa, tana bubbugawa.

Shiru.

Ta ci gaba. Hawaye yana zuba mata, ba ta da hannun sharewa.

Sai ya yi atishawa.

Ya buɗe ido.

Maciji ba shi da fatar ido. Wannan yana da ita, har da gashi. Ya ƙifta, ya dube ta da baƙaƙen idanu masu ruwa, ya taɓe baki.

Ya tsala kuka. Kukan jariri.

A daidai lokacin, ta cikin bututun da ke saman kanta, daga can nesa, wani kukan ya amsa. Ta san wannan muryar, ta Kassim ce.

Hannu ya zuro ta kan kafaɗarta. Dogo, jiƙe, yatsun sun fi ƙarfin lissafi. Ya zare abin daga ƙirjinta a hankali, ya yi sama da shi. Kukan ya lafa. Ta ji sautin tsotso.

Sai ɗaya hannun ya sauko. Ya nufi inda Zobe yake kwance.

Yusra ta faɗa kansa ta rufe shi da tafukanta.

"Shi ma yaro ne," ta ce. "Yunwa ce. Bai san ko wane ne ba."

Yatsun suka tsaya a kan bayan hannunta. Sanyinsu ya shiga har ƙashi.

Ƙwan fitilar ya mutu.

A cikin duhun ta ji su. Daga bayan tukunya, daga ramin magudana, daga cikin bango. Ba buhu ɗaya ba, da yawa, ana jan su ta kowane ɓangare. Manya.

Numfashi ya sauka a kunnenta.

"Dangin ubansa ne. Su ba sa jin magiya. Tashi."

Ta suri Zobe ta cusa cikin riga, ta ruga inda take zaton ƙofa take. Ta yi karo da injin wanki. Ta taka wani abu mai laushi, ya zame ƙarƙashin ƙafarta. Ta laluba bango, ta sami ƙarfe, ta ja. Ya ƙi. Ta ja da hannu biyu tana kiran sunan Allah da ƙarfi.

Wani abu ya naɗe mata idon sawu.

Ƙofar ta buɗe. Ta fizge ƙafarta, takalmin ya tafi, ta faɗa kan matakala da rarrafe. A bayanta ƙofar ta rufe da wata irin ƙara da ta girgiza ginin.

Ba ta tsaya ba sai a ƙofar gidansu.

"Anti! Ni ce!"

Firdaoussi ta buɗe da hannu ɗaya. Ɗayan yana tallafe da Kassim, wanda ya kama nono da hannu bibbiyu yana zuƙa, yana gurnani, ƙafafunsa suna ta harbin iska. Firdaoussi tana kuka tana dariya. Ta dubi ƙafar Yusra mara takalmi, da jiƙaƙƙiyar rigarta, da ɗan kan Zobe da ya leƙo daga wuyan rigar. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa gefe ta ba su hanya.

Da Zayyanu ya dawo, Yusra ta gaya musu komai. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya yi alwala, ya yi sallah mai tsawo, da gari ya waye ya fara neman wani gidan. Kafin sabuwar shekara sun koma unguwar Soundview, hawa na sama, a ginin da ba wanda yake sauka ƙasa wanki.

Zobe bai mutu ba. Baba Ishawu ya karɓe shi, ya bar cikinsa ya huta na ɗan lokaci, sannan ya fara ba shi mafi ƙanƙantar ɓeran da ke shagon. A hankali tsinin bayansa ya rufe, ya yi saɓa, ya ci gaba da girma. A shagon ya zauna. Yusra takan je ta gan shi da rana tsaka, ta hanyar da ba matakala. Bayan hannunta na dama kuwa bai sake ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Kassim ya murmure, ya yi ɓul-ɓul, har ma'aikatan awo suna tsokanar uwarsa. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara magana, rabi Hausa rabi Turanci. Yaro ne mai ci, ba ya barin komai a kwano. Abu ɗaya ne kawai. Duk abin da aka ba shi da magariba, burodi ne ko ayaba, sai ya raba biyu, ya je ya ajiye rabi a gindin hita, ya dawo ya zauna.

Wata rana Yusra ta durƙusa ta tambaye shi.

"Kassim, wa kake ajiye wa?"

Ya dube ta kamar ta yi tambayar da kowa ya san amsarta.

"Abokina," ya ce. "Wanda muka ji yunwa tare."

Firdaoussi tana tsaye a ƙofar kicin da tsintsiya a hannu. Kullum da safe ita take share gindin hitar nan. Ba ta taɓa samun ko ɓarɓashi ba.